BINDIGA A HANNUN BAƘO: Gardamar Da Ta Fi Shafar Mazauna Kurmi

Ran Alhamis 27 ga watan Maris na shekarar 2025, ana saura kwana 3 a yi ƙaramar Salla, wata babbar mota wadda ta taso daga Jihar Ribas za ta Arewa ta iso garin Uromi cikin Jihar Edo. A cikinta akwai waɗansu maharba mutanen Jihar Kano, su fiye da 20, sun gama cin raninsu a dazuzzukan Kurmi za su gida su yi Salla cikin iyali. Suna tafe da karnukansu da bindigoginsu na toka, watau kayan sana'arsu. 'Yan bangar garin suka tsai da motar suka bincike ta, suka ga bindigogin, waɗanda 'yan sanda suka ce guda 19 ne. Kafin ka ce kwabo labari ya gama gari wai an kama masu satar mutane. Jama'a suka yi caa a kansu. Mutum 16 aka kashe a wurin, aka sa musu wuta, aka ƙone motar.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji shi. An kama mutum 14 tun cikin kwanakin farko. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya dakatad da shugaban rundunar tsaron jihar, ya hana ƙungiyoyin banga marasa rajista aiki, sa'an nan ya tafi Kano takanas ya yi ta'aziyya. Shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf sun je har Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, inda da yawa daga cikin mamatan suka fito. Amma a zangunan Hausawa na Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba, zuwa Sabon Badun da na Shagamu, har kasuwar shanu ta Lokpanta, maganar ta bar baya da ƙura. Waɗansu sun ce da bayin Allahn nan ba su ɗauko bindiga ba, da sun ci Salla a gida. Waɗansu kuwa sun ce ai da bindigar kirki ce a hannunsu, da ba wanda ya isa ya matso kusa da motar.

Wannan musu da ake yi a bakin teburin mai shayi shi ne gwamnoni da janar-janar da 'yan majalisa suka shekara da shekaru suna yi. Tambayar dai guda ce: a ƙyale talaka ya riƙe bindiga ya tsare kansa, ko kuwa a ƙara matsawa a raba kowa da ita? Wanda ya bar garinsu ya zo neman abinci a garin wasu ya fi kowa bukatar ya san inda maganar nan ta dosa, don ko ta wane gefe aka yanke ta, a kansa za a fara gwadawa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar bindiga ta Nijeriya tsohuwa ce, ta girmi mulkin kai. An kafa ta cikin 1959, tun Turawa suna nan, aka riƙa yi mata 'yan gyare-gyare daga baya. Ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na fari su ne haramtattu, watau kayan yaƙi: igwa, da bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja irin su AK-47, har da libarba, 'yar ƙaramar nan ta aljihu wadda mutane da yawa suke tsammani ita ce mai sauƙin samun izini. Waɗannan ba mai ba da lasin ɗinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na Turawa, mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda ake karyawa a sa harsashi da hannu, da bindigar iska. Lasin ɗinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda.

Kashi na uku shi ne na maharban gargajiya: bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda Hausawa suke kira bindigar toka, ko adaka, ko harba-ka-ruga. Sunan nan na ƙarshe ya faɗi gaskiyarta, gama harbi ɗaya take yi, in an kuskure nama sai gudu kafin a sāke ɗuri. Doka ta sa sha'aninta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha, da yardar gwamnan jihar. To, a nan gizo yake saƙar. Tun da ko wace jiha da tata ƙa'ida, takardar da maharbi ya samu a jiha ɗaya ba lalle ne ta yi masa amfani a wata ba. Wanda ya taso daga Fatakwal za shi Kano kuwa, ko ta wace hanya ya bi sai ya ratsa jiha biyar ko shida kafin ya ga Ƙofar Nasarawa.

Har ila yau dokar ta lissafa waɗanda ba za a ba lasin ba ko kaɗan: yaron da bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin ido, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa kama shi da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Hukunci kuwa ba na wasa ba ne. Dokar fashi da makami ta 1984, ta zamanin Buhari da Idiagbon, ta yanke wa wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a gama masa duka biyu. Tarar dai yau ba ta sayen rabin buhun shinkafa, amma shekara 10 tana nan shekara 10.

MASU CEWA KOWA YA TASHI

Waɗanda suke so a sassauta ba ƙananan mutane ba ne, kuma sun fito daga Kudu da Arewa. Cikin watan Maris na 2018, a wurin bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, Janar T. Y. Danjuma ya gaya wa jama'a su tashi su kare kansu, har ya zargi soja da haɗa baki da masu kisa. Cikin Agusta na 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa mutanen jiharsa su nemi makami kada su zauna ana yanka su kamar kaji. A watan Yuni na 2022 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya wuce nan: gwamnatinsa ta ce za ta raba takardun neman lasin guda 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar.

A wannan wata na Yuni ne kuma 'yan bindiga suka faɗa wa wata majami'ar Katolika a garin Owo na Jihar Ondo suka kashe kimanin mutum 40. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu ya dage sai a ba dakarun Amotekun manyan bindigogi, shi ma Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin saya wa 'yan sa-kan jiharsa AK-47. Cikin 2024 Sanata Ned Nwoko na Jihar Delta ya fito da shirin dokar da za ta halatta wa farar hula riƙe bindiga bisa waɗansu sharuɗɗa.

Hujjarsu mai nauyi ce, ba a kau da ita da hannu ɗaya. Sun ce ɗan fashi ba ya zuwa ofis neman lasin, saboda haka mai gaskiya kaɗai dokar ta ɗaure. 'Yan sandan ƙasar duka ba su kai 400,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma da yawansu suna gadin manya ne. Manomin da aka kwashe masa shanu aka tafi da matarsa daji, ya kira caji ofis aka ce babu mai a mota, in aka ce masa ya jira hukuma, da wane baki za a faɗa masa?

MASU CEWA A'A

Gwamnatin Tarayya dai ba ta taɓa yarda ba. Da Matawalle ya yi sanarwarsa, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da ikon sa Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba da irin wannan lasin. Kafin nan, cikin Maris na 2021, Shugaba Buhari ya ba da umurni a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Cikin Agusta na 2023 kuma Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatad da ba da lasin ɗin ƙananan bindigogi gaba ɗaya, watau har wanda yake so ya bi ƙa'ida ya tarad da taga a rufe.

Babbar hujjar wannan ɓangare ita ce Zamfara kanta. Mutanen can sun san yadda 'yan sa-kai suka fara: barayin shanu suka dame su, matasa suka ɗauki bindigogin toka don tsaron ƙauye. Ba a daɗe ba aka shiga kama Fulani a kasuwanni ana kashewa ba tuhuma ba shari'a, mai laifi da marar laifi. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe suka sai da shanu suka sayi bindigar da ta fi ta toka, suka shiga daji. Daga nan wuta ta kama wadda har ta ci Katsina da Sakkwato da Neja. Shi ya sa da gwamnonin baya-bayan nan suka kafa nasu dakarun, Dikko Raɗɗa a Katsina cikin Oktoba na 2023, Dauda Lawal da Askarawan Zamfara cikin Janairu na 2024, sai suka sa musu kaki da horo da albashi da shugaban da za a tuhuma in an yi ɓarna.

Kuma bindiga ba ta komawa kanti in ɓarawo ya tafi. Tana nan a ɗaki ranar rikicin gona, tana nan ranar zaɓe, tana nan ranar da mai gida ya fusata. Duka ɓangarorin biyu suna son kawo misali da Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami tun 1791, har bindigogi suka fi mutane yawa. Cikin 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a can, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu da kansu.

INA SUKE FITOWA?

Abin da masu gardamar suka cika tsallakewa shi ne, bindigogin sun riga sun shigo. Wata cibiyar bincike da ke Janeba ta ƙasar Suwizalan ta kimanta cewa a 2017 akwai bindiga fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, alhali na soja da na 'yan sanda duka ba su kai 600,000 ba. Janar Abdulsalami Abubakar ya maimaita wannan adadi cikin Afrilu na 2021.

Waɗansu ta teku suke shigowa, a nan kusa da inda mai karatu yake neman abincinsa. Cikin Oktoba na 2010 an kama kwantena 13 maƙare da makamai a tashar Apapa. Cikin Janairu na 2017 kwastan sun tare mota ɗauke da bindiga 661 a Ikko, bayan ta riga ta fito daga tasha. Cikin Yuli na 2024 an nuna wa manema labarai guda 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar Onne ta Jihar Ribas. Waɗansu ta hamada suka gangaro bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya cikin 2011. Waɗansu kuwa maƙeran gida ne suke ƙera su.

Amma akwai wata ƙofa wadda ta fi ban takaici. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Dattawan da suka daɗe a Kurmi ba za su yi mamaki ba, don sun tuna Lawrence Anini wanda ya hana Binin barci cikin 1986, a tsohuwar Jihar Bendel wadda Edo ta fito daga cikinta. Da aka kama shi sai ya fallasa wani babban ɗan sanda, George Iyamu, cewa shi yake ba su makamai da labari. An harbe su duka biyu cikin 1987. Tun kafin su an ɗaure Ishola Oyenusi a jikin ganga a Bar Beach cikin 1971, dubban mutane suna kallo. Harbin 'yan fashi a bainar jama'a bai tsai da kome ba muddin rumbun makamai yana yoyo. An kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro cikin 2021, Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarta cikin 2024. Aikinta na fari ya kamata ya zama ƙidayar abin da ke cikin rumbun gwamnati.

BAƘO BA SHI DA SHAIDA

To, ina matsayin mazaunin Kurmi a cikin duk wannan?

A ƙauyen mutum, bindigar toka tana tafe da shaidarta. Kowa ya san ɗan wane ne, ya san ubansa maharbi ne, ya san Sarkin Baka ya san da shi. In ya ratsa kasuwa da ita a kafaɗa ba mai ɗaga kai. Wannan bindiga ɗin dai, a hannun wannan mutum ɗin dai, in aka gan ta a garin da ba a jin harshensa, ta zama hujja a kansa. Waɗanda suka tsira a Uromi sun gaya wa manema labarai cewa suna da takardunsu na farauta. Taron da ya riga ya fusata ba ya karatun takarda.

Kuma sai a dubi su wane ne suka tsai da motar. Mutanen yankin Esan sun daɗe suna kuka da masu satar mutane a gonaki da hanyoyi, suna ganin hukuma ta kasa. 'Yan bangar nan su ne amsar da garin ya bayar ga kiran nan na kowa ya kare kansa. Kashe matafiya ba tare da shari'a ba ta'asa ce wadda ba ta da uzuri, amma duk mai goyon bayan a raba wa kowa bindiga ya kamata ya tsaya ya yi lissafi: in ko wace unguwa ta Ikko da Anacha da Binin ta sami nata makamai, ta zama ita ce ɗan sanda ita ce alƙali, wa za a fara zargi in an yi sata? Mai tura ruwa ne, da mai yankan farce, da ɗan acaba, da falken da ya kawo tumatir Mile 12 ya kwana a kan kayansa. Mutanen zango ba su da yawan da za su yi gasar makami da 'yan gari, kuma bindiga ɗaya da aka samu a ɗakin ɗan Arewa ɗaya ta isa a rushe kasuwa sukutum. Abin da ya fi yi wa baƙo amfani shi ne ɗan sandan da zai zo da wuri, da kotun da za ta hukunta wanda ya taɓa shi.

Akwai masu gadi kuma, waɗanda su ne suka fi faɗawa cikin wannan rami ba su sani ba. Sau da yawa mai gida ko ƙungiyar masu gidajen layi sukan miƙa wa mai gadi bindiga su ce ya riƙa harbawa sama da dare. Lasin kuwa da sunan mutum ɗaya ake yinsa, ba a aronsa kamar tocila. Ko kamfanonin gadi masu rajista, dokar 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga. Ranar da 'yan sintiri suka zo, wanda aka samu da ita a hannu shi za a tafi da shi, mai gida yana sama yana barci.

HAKKIN MAI RIƘE DA ITA

Ba za a ce maharba su bar sana'ar da suka gāda ba, kuma manoman Kurmi da kansu sukan nemi su zo su rage musu gwanki da gyazbi da aladen daji. Amma riƙon bindiga yana da hakki, kuma tsofaffin maharba sun san shi tun kafin Bature ya rubuta. Ba a shiga gari da ita a ɗure. Ba a nuna mutum da bakinta ko da wasa. Ba a jingine ta inda yaro zai kai hannu ga kunamarta. Albarushi dabam, bindiga dabam, nesa da murhu. Ba a cika mata ɗuri don neman ƙara, gama bututun da maƙeri ya yi yakan fashe ya tafi da yatsun mai shi. Ba a harbi don an ga ciyawa ta motsa, sai an ga naman ido da ido.

Ga wanda yake farauta a Kurmi akwai ƙari. Ya kamata tun ran da ya sauka Sarkin Hausawan wurin ya san da shi, ya kai shi gaban sarkin gari da babban ɗan sandan yankin, a rubuta sunansa da yawan bindigoginsa. In tafiya gida ta taso, abin da ya fi shi ne ya bar ta ajiya a hannun hukuma ya karɓi rasit, ya tarad da abarsa in ya komo. In kuwa dole ne sai an tafi da ita, to a nemi takardar 'yan sanda kafin a hau mota, a faɗa wa direba, kuma a kowane shinge a riga masu bincike faɗa kafin su gano da kansu. Sarakunan zango da shugabannin tashoshin mota da na ƙungiyoyin maharba su ne ya wajaba su riƙe wannan rajista, tun da su ake fara kira in abu ya ɓaci.

Doka ta ɗora wa mai lasin tsaron bindigarsa. In ta ɓace, ko an sace ta, ko ta lalace, yana da kwana 14 ya sanad da ofishin da ya ba shi lasin. Ba shi da ikon sayar da ita ko ba da ita kyauta ga wanda ba shi da izini. Haka nan in mai ita ya rasu, lasin ɗin ba ya shiga cikin gādo. Magada suna da kwana 14 su ma, daga nan sai su nemi izini da sunansu ko su miƙa ta ga hukuma. Da yawa daga cikin bindigogin da ke rataye a ɗakunan zango na iyaye ne da kakanni, kuma takardar da ke naɗe tare da su, in ma akwai, sunan mamaci ne a jiki.